Da wane faifan Metallica ya kamata sabon shiga ya fara?

Autan Gida: Salamu alaikum 'yan uwa. Mutum ya ji waƙar ƙungiyar mawaƙan Amurka Metallica ɗaya ko biyu ta shiga ransa, yanzu yana son ya zauna ya saurari faifai guda tun daga farko har ƙarshe. Faifansu na sutudiyo 11 ne, daga 1983 zuwa 2023. Da wanne zai fara? Waɗanda suka daɗe a harkar su taimaka.

Mai Jita: Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan kunnenka bai saba da kiɗan metal ba, wato rok mai nauyi da ƙarfin jita irin nasu, ka ɗauki na 1991, wanda ake ce wa Black Album saboda bangonsa baƙi ne ƙirin. Abin da ke korar sabon shiga abu biyu ne: sauri da tsawo. A wannan faifan duk an rage su. Bob Rock, wanda ya jagoranci naɗin, ya fito da ganga da bas (jita mai kaurin sauti) fili, muryar James Hetfield kuma tana fita sarai, kana iya tsintar kalmomin. Waƙoƙi 12 ne, minti 62 da ɗan ɗori, babu wadda ta kai minti 7. Amma kada ka shanye shi a zama ɗaya. Biyar na farko, daga "Enter Sandman" zuwa "Wherever I May Roam", wajen minti 28 ne. Ka tsaya nan, ka maimaita su kwana biyu ko uku, sannan ka ƙarasa. Masu jin duka a ranar farko, a waƙa ta tara kunnensu ke toshewa, komai ya koma musu iri ɗaya.

Yar Baba: Malam Mai Jita, da girmanka, amma ban tafi tare da kai ba. Matsalar farawa da Black Album ita ce mutum ya ɗauka haka ƙungiyar take, ya koma faifan baya ya ji kamar wasu mutane ne daban, ya ja da baya. Ni Ride the Lightning na 1984 nake ba mutane. Waƙoƙi 8, minti 47, kuma duk fuskokin ƙungiyar suna ciki: akwai gudu, akwai nauyi a hankali, akwai mai sanyi, akwai kiɗa zalla babu murya a ƙarshe. Abin da ke ɓata shi ga baƙo shi ne waƙar farko. "Fight Fire with Fire" takan fara da jita mai laushi, kafin minti guda ta ɓarke da gudun da sabon kunne ba ya iya bi. To ka fara daga ta uku, "For Whom the Bell Tolls", ka bi da ta huɗu, "Fade to Black", ka tsallaka zuwa ta bakwai, sai ka dawo farko ka bi a jere. Wannan sautin da ke buɗe ta ukun, da yawa jita suke zaton shi. Bas ne na Cliff Burton da ya bi ta na'urar da ke kausasa sauti. Ta bakwai kuwa, "Creeping Death", a kan annobar da ta sauka wa mutanen Fir'auna a Masar take, kamar yadda labarin ya zo a Attaura.

Mai Jita: Gaskiyarki a nan, 'yar'uwa, ga wanda ya riga ya saba da kiɗan rok mai ɗan nauyi. Wanda ya fito daga hip hop ko kiɗan sanyi kai tsaye, har yanzu na 1991 zan miƙa masa.

Kawu Sautin Ƙasa: Ku bari in yi maganar abin sauraro, domin nan ake yin asara. Igiyar bas mafi kauri tana kaɗawa sau 41 ne a daƙiƙa, sifikar waya ba ta iya fitar da wannan, sai ta bar ka da ƙarar kuge da kaifin jita kawai, kai ya yi ciwo cikin minti goma. A samu iyafis mai toshe kunne sosai ko wanda ke rufe kunne gaba ɗaya. Ƙarar kada ta wuce kashi 60 cikin 100. A kashe maɓallin da ke hargitsa jerin waƙoƙi, saboda an tsara faifan nan ne mai zafi ta bi mai sanyi. A kashe ƙarin bas na waya ma, yana haɗiye bugun jitar Hetfield, wanda shi ne ƙashin bayan kiɗan. Batun data: a ingancin sauti na kilobit 320 a daƙiƙa, minti ɗaya yana cin megabait 2.4, wato Black Album kusan 150; a 160 rabin haka ne, kuma ya wadatar a karon farko.

Ɗan Ganga: Ni zan faɗi waɗanda ba a farawa da su. St. Anger na 2003: mai gangar ƙungiyar, Lars Ulrich, ya saki wayoyin da ke ƙarƙashin ƙaramar gangarsa, sai take ƙara kamar ana dukan garwa, kuma babu solo na jita, wato wurin da jita ke jan kiɗan ita kaɗai, ko ɗaya. Death Magnetic na 2008: waƙoƙin suna da kyau, amma an matse sautin don ya yi ƙara har yana tsagewa, a iyafis abin ya fi muni. ...And Justice for All na 1988: an danne bas ɗin Jason Newsted har kusan ba a jin sa, ga waƙoƙi biyu da suka haura minti 9. Faifai ne mai daraja, sai dai na uku ko na huɗu ne a layi. Kill 'Em All kuma ɗanye ne, muryar Hetfield ba ta nuna ba tukuna.

Autan Gida: Na gode, yayyena. To Master of Puppets fa? Shi kowa ke yabo.

Yar Baba: Ya cancanci yabon, ƙanena, a ganina shi ne gwaninsu. Na 1986 ne, na ƙarshe da Burton, wanda ya rasu a hatsarin mota a Suwidin a watan Satumba na shekarar. A Kopenhagen aka naɗe shi tare da mai naɗin sauti Flemming Rasmussen, kamar na 1984, don haka kunnen da ya saba da wancan ba zai ji baƙunta ba. Sai dai uku daga waƙoƙinsa 8 sun haura minti 8, kuma sukan sauya tafiya a tsakiya. Ka sa shi na biyu. Ka buɗe rubutun kalmomin a gabanka yayin da kake ji: waƙar da aka sa wa faifan sunanta a kan yadda ƙwaya ke mallake mai shanta take. Haka "Fade to Black" ta na 1984, maganar mutumin da ya yanke ƙauna da rayuwa ce, wanda ke cikin damuwa ya tsallake ta har sai ransa ya yi sanyi.