Matakala uku sun hana Inna shiga sujada: mu rushe ko mu gyara?

Ɗan Mai Wa'azi:
Salama gare ku. Majami'armu a bayan garin Katsina take, ginin ƙasa ne tun zamanin Turawan mishan na SIM, kafin ma a kafa cocin ECWA a 1954. Kakana na cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar. Kaurin bangon ya kai kamu biyu, ko a watan Afrilu ka shiga sai ka ji sanyi kamar bakin randa. Amma ƙofar tana kan dakali mai matakala uku. Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye bara, sai samari huɗu sun ɗaga ta da kekenta kamar buhun gero, tana riƙe da ɗankwali kada ya faɗi. Lahadi biyu aka yi haka, ta ce ita kam ta haƙura. Yanzu a gindin dalbejiya take zama, tana jin waƙa ta taga. Matasa sun ce a rushe a yi na bulo, dattawa sun ce ko tubali ɗaya ba za a taɓa ba. Ni ginin nake so, Innar ma nake so a ciki. Masu sanin gini, ina mafita?

Tsohon Magini:
Ɗana, ni Musulmi ne, amma ƙasa ba ta tambayar addinin mai ɗaki. Kada ku rushe. Hasumiyar Gobarau ɗaruruwan shekaru tana tsaye, da ƙasa aka yi ta. Abin da ke kashe irin ginin nan ruwa ne da gara. Ku hau ku duba indararo, ku ƙwanƙwasa azara, wadda ta yi ƙarar ganga an cinye cikinta. Kuma ina roƙonku kada wani ya ruɗe ku da filastar siminti. Siminti yana kulle danshi a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana a Agusta ya zubo falle guda. A yi yaɓe, a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa.
Hanyar keke kuwa, ƙa'ida ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo. In matakalarku santimita 15 ce kowace, 45 ke nan, gangaren zai ci mita 5 da santimita 40. Wanda ya gajarta shi ya gina wa tsohuwa wurin sulu. A bar fili shimfiɗaɗɗe a bakin ƙofa, a sa ƙarfen dafawa, kuma ruwan gangaren ya bi waje, ba gindin bango ba.

Maman Tagwaye:
Baba ya gama maganar gini. Ni dai in ƙara: mu mun yi gangaren, muka manta da makewayi. Bayan ginin yake, cikin yashi, ƙofarsa ko kwando ba ya wucewa. Ku auna ƙofa ta kai santimita 90. Sannan kada ku jibge masu keke can baya kusa da takalma. A rage tsawon benci biyu a tsakiya, Inna ta zauna cikin 'yan Zumuntar Mata inda ta saba.

Matashi Mai Ganga:
Yaya, ka yi haƙuri, ni ina cikin masu cewa a rushe. Kowace damina sai an yi baiko na musamman, wato tara kuɗi a majami'a, saboda yaɓe, har yaushe? Kuma dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 shekara biyar ta ba gine-ginen jama'a su gyara, wa'adin ya wuce tuni.

Ɗan Mai Wa'azi:
Ƙanena, dokar cewa ta yi a iya shiga, ba ta ce a rushe ba. Baba, na gode. Na auna ɗazu da yamma: matakalar ƙasa 20 ce, ba 15 ba, jimla 50, mita 6 ke nan. Gaban ƙofa bai kai ba saboda rijiya. In an lanƙwasa gangaren ya bi gefen bango ta gabas, zai yi?