Ta yaya zan koyar da wannan darasi ba tare da ajin ya watse ba?

Jama'a, ina neman shawara. Ina koyar da matasa 'yan shekara 14 zuwa 17, yanzu mun kai kan safarar mutane. Na bayyana musu Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wato yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hana safarar mutane, wadda ta ce idan wanda aka yi safararsa bai kai 18 ba, laifi ya tabbata ko da ba a tilasta shi ba. Sai wata yarinya ta ce, "Malama, in saurayinta ne ya kai ta fa, kuma tana sonsa?" Nan na kakare.

Amsar sai an taɓo yarda, jiki da 'yancin mata, ga samarin kuma da na ambaci haka sai dariya, matan su sunkuyar da kai. Na raba su, tattaunawar ta mutu. Waɗanda suka taɓa koyar da wannan, ta ina kuka ɓullo masa?