Kafin ka sayi faifan tsohon fim ɗin ban tsoro

Ga abin da na tsinta a hirar finafinan ban tsoro masu ƙaramin jari na Amurka da Italiya, irin masu jini faca-facan nan na wajen 1980. Kafin ka sayi Blu-ray duba harafin yanki, Amurka A, Turai da Afirka B, in na'urarka ba ta karanta faifan wannan yankin to kuɗi sun tafi. Tsofaffin kwafin Ingila kuma a yi hattara, bayan dokar bidiyo ta 1984 an daddatse da yawa, gara ka duba mintoci a bayan kwalin ka ga ko fim ɗin cikakke ne. A kamfanonin da ke fitar da faifan, Arrow, Severin da Vinegar Syndrome aka fi yabawa, suna gyara hoto sosai. Fim ɗin da aka ɗauka da kyamarar VHS kuwa DVD ma ya isa, dishi-dishin nan ba ya fita ko a Blu-ray.