Ina son zanen Turawan da a falona: in yi oda daga waje ko a zana min a nan?

Ummu_Hanif:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku ba ni shawara. Wata biyu kenan da tarewarmu a Malali, komai na falo ya zauna, kujeru, labule, kafet, amma bangon da ke bayan doguwar kujera fayau yake kamar filin idi an watse, kullum na shigo shi nake fara gani. To akwai wani zane da nake so tun ina makaranta, na wani Bajamushe Caspar David Friedrich, mutum ne tsaye a kan dutse da sanda a hannu ya ba mu baya yana kallon hazo ya lulluɓe duwatsu, wajen 1818 ya zana shi, na ainihin yana gidan ajiye zane a Hambug. Ni in na kalle shi dutsen Kufena nake tunawa da sassafe lokacin sanyi. Na duba intanet na ga masu sayar da kwafinsa amma kaina ya kulle, wasu sun ce inji ne yake bugawa a kan kanbas, ƙyallen nan mai kauri da ake zane a kai, wasu sun ce da hannu suke zanawa da fentin mai, kuma na hannun ya ninka kuɗi sosai ga dala yadda ta koma. Bambancin ya kai a biya? Sannan ba laifi ba ne sayen kwafi, kar a ce jabu na rataya? Maigida dai ya ce ba ruwansa in dai ban taɓa kuɗin cefane ba.

Abu_Sadiq_Kawo:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Batun laifi kwantar da hankalinki, mutumin nan ya mutu tun 1840, haƙƙin mallaka kuma shekara 70 ne bayan mutuwar mai zane a yawancin ƙasashe har da tamu, kowa na iya kwafa ya sayar. Jabu shi ne a ce miki na ainihin ne, wanda kuma ba mai hankalin da zai ce miki haka.

Ni na taɓa yin odar na hannu, bari in ba ki labari ki ɗau darasi. Na Turner na so, Baturen Ingila, jirgin yaƙin nan Temeraire da ƙaramin jirgi mai hayaƙi yake ja za a kai shi a farfasa, rana tana faɗuwa a gefe, shi ne ma a bayan takardar fam 20 ɗinsu tun 2020. Shafin ya rubuta min kamar a Turai suke, ashe daga Chana kayan zai taso, can Shenzhen akwai wata unguwa Dafen da sana'arsu kenan kwafe zanen mutanen da, dubban masu zane ne a wurin, wasu gwanaye ne na gaske wasu kuwa sai addu'a. Ni na faɗa hannun na addu'ar. Sati bakwai ina jira, ya iso a nannaɗe cikin kwali mai kama da bututu, na biya kuɗin kwastam da ban sa a lissafi ba, ina warwarewa na tarar fentin bai gama bushewa ba ledar da suka shimfiɗa ta manne a wasu wurare, ranar kuma wlh kamar soyayyen ƙwai aka mannawa sama. Turner duk gwanintarsa a haske take, yadda ruwa da gajimare suke narkewa cikin juna, in mai kwafa bai iya wannan ba jirgi kawai ya zana miki. Yanzu yana ɗakin baƙi.

In za ki yi oda ki ce sai sun turo hoton naki da suka zana kafin su aiko, ba hoton na ainihi ba, ɗaya daga kusa ɗaya daga gefe. Kuma ki kula, akwai masu bugawa da inji su shafa wani abu mai ƙyalli a kai da burushi ya yi tudu-tudu su ce na hannu ne.

Hajiya_Inna_TW:
'Yata ni ba zane na sani ba amma akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba. Hoton mai rai fa? Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto. Na san malamai sun yi bayani, wasu sun sassauta in ba a ga fuska ba ko hoton bai cika siffa ba, naki kuma kin ce ƙeya ya ba ku, to ki tambayi malaminku dai kafin ki kashe kuɗi. Kuma ki tuna falo ba naki ke kaɗai ba ne, surukarki za ta zo, lokacin salla ya yi a shimfiɗa darduma a nan. Ƙanwata a Unguwar Rimi sai da ta sauke nata ranar suna saboda surutu. Bishiyoyi da duwatsu da ruwa ba mai ce miki komai.

Zayyana_Samaru:
Hajiya ta yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Ni zane na karanta a ABU kuma shi nake ci, to bari in ƙara. Zamanin su Friedrich da Turner da ake cewa Romantik, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, mutane suna jin sunan su ɗauka soyayya ce, alhali yawancinsa girman halitta ne da ƙanƙantar ɗan Adam a gabanta, guguwa, teku, kufai. Shi ya sa za ki samu masu kyau da ba mutum ko ɗaya. Amma ki buɗe hoton da girma ki duba lungu-lungu kafin ki zaɓa. Na Constable, Baturen Ingila, na 1821 mai amalanke a cikin rafi, kowa yana ganinsa ya ce ƙauye ne lafiya lau, ga kare nan tsaye a bakin ruwa ga dawakai. Na Delacroix, Bafaranshe, na 1830 mai tuta matar ƙirji a buɗe, ga gawarwaki a ƙasa, wannan ko a mafarki. Shi kansa Friedrich ɗinki mai addini ne sosai, zanensa da yawa akwai gicciye ko rusasshen coci a ciki. Yana da wani na ƙanƙara zalla da ta murƙushe jirgi, ba kowa a ciki, sai dai ban sani ba ko kina son hatsarin jirgi a kan baƙinki.

Bugu ko hannu? In kamanni kike so sak da na Hambug, bugu mai kyau ya fi hannun da bai ƙware ba, nesa ba kusa ba. In kuwa kaurin fenti kike so da yadda yake kama hasken fitila da daddare, sai na hannu, kuma ban ga dalilin zuwa Chana ba, ga Zariya nan kusa, ki je ki ga aikin mutum da idonki, ki ba da rabin kuɗi, ki leƙa ana cikin yi ki ce a gyara nan. Girman na ainihin kusan santimita 95 a tsaye ne 75 a kwance, dogo ne ba mai faɗi ba, bayan doguwar kujera zai yi kamar tambarin wasiƙa a jikin ambulan, kuma kar ki yarda a ja shi a faɗaɗa miki, lalacewa zai yi. Fentin mai yana ɗaukar watanni kafin ya bushe har ciki, sai wajen wata shida ake shafa masa banish, man nan mai ƙyalli da ke kare fenti, duk wanda ya ce sati ɗaya an gama komai da sauri-sauri ya yi. Kar ki rataya inda rana ke bugawa ko bangon da ke jiƙa da damina. Ƙurar hunturu kuma burushi mai laushi busasshe, ki gargaɗi yara da mai aiki kar a sa tsumma da omo.

Ummu_Hanif:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya in sha Allah zan tambaya a islamiyya ranar Asabar. Yaya Abu Sadiq ƙwan nan ya sa ni dariya har Hanif ya farka. Malam Zayyana wata dabara ta zo min, zai yiwu a zana min duwatsun da hazon kawai a kwance yadda zai cika bangon, a cire mutumin? Ko ma a sa Kufena a madadinsu?

Zayyana_Samaru:
Zai yiwu mana Ummu Hanif, sai dai in an cire shi ya tashi daga na Friedrich ya zama naki, don ta bayansa ake kallon komai a zanen. Ki auna faɗin kujerar, zanen ya kai kamar biyu bisa ukunta, ki turo awon da hoton bangon da rana. Kufena kam sai an jira Disamba hazo ya sauka a je a ɗauko shi da asuba.