Waɗanda suka taɓa kai manhajarsu taro don neman masu gwaji, me kuka gani?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wata 'yar manhajar Android da Flutter (wani kayan aikin rubuta manhajoji), ta lissafin adashe: wa ya yi zubi, wa bai yi ba, kwasar wa ke tafe. Na biya dala 25 na buɗe asusun Play Console, shafin Google da ake ɗora manhaja a Play Store ta cikinsa, sai na tarar sabon asusu na mutum ɗaya ba ya sakin manhaja kai tsaye. Dole sai an yi rufaffen gwaji, wato na waɗanda ka gayyata kaɗai, da aƙalla mutum 12, su zauna a ciki kwana 14 a jere. Ranar Asabar akwai zaman masu rubuta manhaja a nan Gombe, ina so in je da ita in nemi mutanen a can. Wanda ya taɓa yin haka, a Gombe ko Bauchi, don Allah ya ba ni labarin yadda ta kaya da shi.

Injiniyan Yelwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kai ma ka zo a sa'a. Da sharaɗin ya fito a Nuwamba 2023 mutum 20 ake nema, sai a Disamba 2024 aka sassauta zuwa 12. Ni a zamanin ashirin ɗin na yi nawa.

Wani babban taro na ƙarshen shekara na kai ta a nan Bauchi, irin wanda ake raba riga da sitika, zaure maƙil da ɗalibai. Aka ba ni 'yan mintoci na haska ta a majigi, aka yi tafi, na zagaya da takarda kowa ya rubuta imel ɗinsa. Takarda ta cika ciki da baya. Da na zauna shigar da su cikin jerin masu gwaji da dare, sai lissafi ya soma zubewa. Wasu iPhone ke hannunsu, don kara kawai suka rubuta. Wasu sun ba da imel na makaranta, alhali ba shi ke kan Play Store na wayarsu ba, mahaɗin (link) shiga gwajin ya ƙi buɗe musu. Wasu rubutun ma ba ya karantuwa, ba ka bambance sifili da harafin o. Ragowar na tura musu saƙo, shiru kake ji. Kuma suna a takarda ba ya shiga lissafi, sai mutum ya buɗe mahaɗin da kansa ya danna ya amince.

Ƙaramin zaman da muke yi bayan la'asar shi ya fisshe ni, mu da ko benci uku ba ma cikawa. A nan kowa ya ciro wayarsa na tsaya a kansa har ya shiga ya sauke. Ba na kushe babban taro, a can na haɗu da wanda ya fara ba ni aikin kuɗi. Wannan aikin ne dai ba nasa ba.

Ɗan Gwallameji:
Yaya Injiniya kun manta da Xender. Ni da na kai tawa, duk wanda na nuna wa sai ya ce “turo min ta Xender, ba ni da data.” Ba ka ganin laifinsa, tun da aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a farkon 2025 kowa ƙirga megabait yake. Amma fayil ɗin manhajar (APK) da ka tura hannu da hannu ba ya cikin gwajin. Mutum zai yi amfani da ita wata guda, a Play Console ba a san da shi ba. Zama na gaba sai na sayi data na kunna musu daga wayata, na ce duk mai so ya hau ya sauke nan take. Wani ya lallaɓa ya sabunta WhatsApp ɗinsa a kai, na yafe masa.

Ka kuma faɗa musu girmanta tun kafin su tambaya. Tun 2021 wani irin fayil mai suna AAB ake ɗorawa ga sabbin manhajoji, Play Store ya yanka wa kowace waya rabonta, saboda haka abin da za su sauke bai kai jibgegen APK ɗin da kake gani a kwamfutarka ba.

Addar Tumfure:
Ni fa ban yarda da zancen duka ba. Adadi za ka iya samu a taro, amma gwaji ba za ka samu ba.

Tawa ta karɓar kuɗin wata ce a makarantun Islamiyya. Na kai ta zamanmu, samari suka karɓa. Tambayar farko, Provider na yi amfani da shi ko Bloc (hanyoyi biyu ne na tsara manhaja a Flutter). Ta biyu, me ya sa na zaɓi kore. Wani ya ce in sa mata baƙin allo na dare. Mai rubuta manhaja in ya karɓi ta wani kamar tela ne aka miƙa wa rigar wani tela, juya ta zai yi ya duba ɗinki, ba zai sa ta ya fita ba. Duk cikinsu babu wanda ya shigar da sunan ɗalibi ko ɗaya.

Sai da na zauna da malaman da za su yi aikin da ita sannan abubuwa suka fito. Malamin da ke riƙe da rajista ya girmama rubutun wayarsa saboda ido, maɓallin ajiyewa ya faɗa can ƙasa, ba a ganinsa. Ya shigar da suna da Ɗ mai lanƙwasa, washegari ya nema da D, manhaja ta ce babu wannan ɗalibi. Dole na sa akwatin bincike ya ɗauki ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k a matsayin abu ɗaya, ya kuma yi watsi da alamar da ke cikin A'isha, don wani zai sa ta wani ba zai sa ba. Aji guda kuwa Fatima ta fi biyar. Su ba sa rikicewa, don da sunan uba da unguwa suke rarrabewa, ni ce sai da na ƙara gurbin.

Kai kuma adashe ka ɗauko. Ka nemi uwar adashe ta gaske. Za ta tambaye ka mai hannu biyu, da mutum biyu da suka haɗa hannu ɗaya, da wadda ta roƙi a musanya mata kwasa saboda biki ya matso. Ba wanda zai yi maka waɗannan tambayoyin ranar Asabar.

Ɗan Jekadafari:
Adda na gode. To amma irin su gwaggo yaya kika sa su cikin gwajin? Tawa gwaggon ko imel ɗinta ba ta sani ba.

Addar Tumfure:
Kusan duka haka suke, yaron shagon waya ne ya buɗe musu ranar da suka saya, ya tafi da kalmar sirrin a kansa. Ba ka buƙatarta. Ka buɗe Play Store a wayarta, ka taɓa da'irar da ke sama ta hannun dama, adireshin yana nan. Ka kwafa, ka saka a jerin, ka buɗe mata mahaɗin a wayar. Matsalar da za ka fi fama da ita memori ne, ya cika da bidiyon biki da wa'azi. Kar ka goge mata komai da hannunka, ka bari ta zaɓa.

Malamin Kashere:
Ina bayan Adda, da gyara kaɗan. Taro na da abin da gidan gwaggo ba shi da shi, wato wayoyi iri-iri a ɗaki ɗaya. Ɗalibaina da ke koyo da laftof mai RAM giga 4 ba sa iya kunna wayar kwaikwayo ta cikin Android Studio, abin da ake rubuta manhajojin Android da shi, da wayar aljihunsu suke gwadawa, ita kaɗai suka sani. Ranar da muka tara wayoyin kowa a tebur, daga mai giga 2 da ke kan Android Go (Android ɗin ƙananan wayoyi) har zuwa sababbi, manhajar wani yaro da ke gudu lafiya a tasa ta riƙa rufe kanta a ƙanana. Hotunan rasit yake lodawa da cikakken girmansu. A wata wayar kuma tunatarwa ba ta zuwa sam, saboda tsarin tattalin batir yana kashe duk abin da ke aiki a bayan fage. Daga Android 13 ma sai manhaja ta nemi izini kafin ta aika sanarwa, in mutum ya danna a'a shi ke nan. Manhajar adashe da ba ta tuna wa mutum ranar zubi, me ya rage mata?

Sai batun sabis. Mu nan in ka bar titi kaɗan sai ka ɗaga waya sama. Wani ɗalibi ya sa shiga da lambar da ake turowa ta tes, ranar nuni zaure ya cika, lambar ta ƙi zuwa, muka zauna muna kallon allo har lokacinsa ya ƙare. Tun daga nan nake ce musu komai ya fara ajiyuwa a cikin wayar, ko da a ƙaramin rumbun bayanai irin SQLite ne, in sabis ya samu ya tura sama. Uwar adashe a Kumo ko Dukku ba za ta jira intanet ba kafin ta rubuta dubu biyun da aka miƙo mata.

Bakatagume:
Daga Azare nake. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, zuwa Bauchi don zaman yini ɗaya ya zama abin da sai ka yi lissafi. Sai na shiga rukunonin nan na “ka gwada tawa in gwada taka”, mutane daga ƙasashe daban-daban. Cikin yini biyu adadi ya cika. Suka sauke, ba wanda ya sake buɗewa. Bayan kwana 14 akwai tambayoyin da za ka amsa kafin a ba ka izinin saki: yadda ka samo masu gwajin, yadda suka yi amfani da ita, me suka ce, me ka gyara saboda abin da suka ce. Ni ba abin da wani ya ce min. Amsa ta dawo cewa in ƙara gwaji. Zagaye na biyu da 'yan ajinmu na 3MTT na yi, shirin da ma'aikatar sadarwa ta fara a 2023, da wasu masu POS biyu na bakin kasuwa. Masu POS ɗin sun fi kowa ƙorafi, kuma ƙorafinsu na kwashe na cika fom da shi. Masu cewa ka biya su kawo maka mutum 12 kuwa, ban gwada ba, ba kuma zan ba manhajar kuɗi ga wanda ban san fuskarsa ba.

Ka nemi fiye da 12. Wani zai sayar da waya, wani zai fice bai faɗa maka ba.

Injiniyan Yelwa:
Ga mai rajistar kamfani da CAC akwai wata ƙofa. Asusun kamfani ba ya ƙarƙashin wannan sharaɗi, sai dai ana neman wata lambar shaidar kamfani da ake kira D-U-N-S, kuma tana ɗaukar lokaci kafin ta fito. Ga manhajar farko ban ga dalilin wahalar ba.

'Yar Fadaman Mada:
Hamma Ɗan Jekadafari, tambaya ɗaya: ƙarfe nawa zaman naku ke tashi? Na je da yawa a Bauchi, an sa ƙarfe goma, ba a farawa sai an yi azahar saboda jiran janareto ko babban baƙo, lokacin nunin manhajoji kuma a tura shi can ƙarshe. Kafin a zo kansa magariba ta kawo jiki, mu mata mun kama hanya. Sai a waiga a ce mata ba sa tsayawa. Sau ɗaya masu shiryawa suka juya tsarin, aka fara da nuni da safe, jawabai suka biyo baya. Ranar ce kaɗai na ga mata sun karɓi wayoyi suna latsawa suna gardama. Adashe kuwa yawanci a hannunmu yake, ko a makaranta kowane ɗakin kwana da nasa. Ka roƙi a ba ka kafin azahar.

Abu na biyu, a zauren ka ce kowa ya saka sunayen ƙarya da kuɗin ƙarya. Na ga wanda ya haska manhajar bashi a majigi da bayanan shagon babansa, sunan maƙwabcinsu da abin da ake binsa ya fito ɓaro-ɓaro, a zauren kuma akwai ɗan mutumin. Ko ba don dokar kare bayanai ta 2023 ba, wannan abin kunya ne a unguwa. Play Console ma zai tambaye ka irin bayanan da kake tattarawa da inda suke zuwa, ya nemi shafin da ka bayyana hakan. Gara ka rubuta shi da Hausa ma, tunda masu zubin da ita za su karanta.

Ɗan Gwallameji:
Ka tafi da abin jona caji mai baki da yawa. Rabin zauren batirinsu ja ne, mai kashi huɗu ba zai sauke maka komai ba. Turo mahaɗin nan ma, Gmail ɗina na hanya.