Hawan Dutsen Tsukuba daga Tokiyo: zai yiwu a yini ɗaya?

Baƙon Gabas:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina son hawa wani dutse a karkarar Jafan cikin Nuwamba, ba irin Fuji ba, wanda za a je a dawo Tokiyo a yini guda. An ce in gwada Tsukuba. Wace hanya ta fi dacewa da sabon shiga, kuma me zan riƙa?

Malam Na-Tsauni:
Wa alaikumus salam. Sun ba ka shawara mai kyau. Tsukuba yana lardin Ibaraki, kawuna biyu gare shi: Nyotai mai mita 877 da Nantai mai 871. Daga tashar Akihabara da ke Tokiyo ka hau jirgin Tsukuba Express mai sauri, minti 45 ka iso garin Tsukuba. Daga nan bas zai kai ka bakin wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Jafan, da ke gindin dutsen cikin minti 40 ko ƙasa.

Hanyoyi biyu ne suka tashi daga wurin. Miyukigahara kilomita 2 ce, kusan minti 90, amma kada gajartarta ta yaudare ka. Hawan mita 600 da ɗoriya ne a wannan ɗan tsakanin, galibi matakalan katako da saiwoyin itatuwa, gwiwa ce ke shan wuya. Shirakumobashi ta fi tsawo, kilomita 2.8, wajen awa biyu, kuma ita na fi so wa baƙo saboda duwatsun da ke kanta. Akwai inda ake ratsawa ƙarƙashin wani ƙaton dutse da ya maƙale tsakanin wasu biyu kamar yanzu zai faɗo, Benkei Nanamodori suke ce masa. Ka hau ta nan, ka sauko ta Miyukigahara.

Hajiya Mai Yawo:
Ƙari kan bayanin Malam: lokaci ne ke kayar da mutane a Nuwamba. Rana na faɗuwa wajen 4:30, cikin kurmi kuwa duhu na rigan haka shiga. Ka fara hawa kafin 10 na safe. Taragon da igiya ke ja a kan layin dogo, wanda ke saukowa daga saman hanyar Miyukigahara cikin minti 8, yana tashi daga aiki da yamma, bas ɗin komawa ma haka, don haka ka ɗauki hoton jadawalin tun kana sauka daga mota. Watan ne kuma ganye ke ja, ranar Asabar da Lahadi sai ka bi layi kafin ka taka ƙololuwar Nyotai, wurin ƙanƙane ne.

Ɗan Kurmi:
Takalmi, yaya, takalmi. Duwatsun sama sun yi sulɓi saboda yawan takawa, in an yi ruwa jiya santsi ne zalla, kuma a saukowa aka fi zamewa. Mai tafin roba mai gurzo-gurzo kake bukata. Ruwa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, fitilar goshi, da rigar tare iska, domin sama ta fi ƙasa sanyi da digiri 5 haka, gumi kuma na bushewa a jiki sai kaɗuwa. Riƙe tsabar yen don shagunan sama, da leda don shararka, ba a barin komai a hanya. In aka yi rauni, 119 ake kira.

Malam Na-Tsauni:
Na manta: in gwiwa ta gaza tun a sama, akwai keken waya, wato tarago mai rataye a jikin waya, daga gefen Nyotai zuwa tashar Tsutsujigaoka da ke ƙasa, minti 6, kuma bas ɗin Tsukuba yana tsayawa can ma.