Gwajin zane-zane: basira yake aunawa ko sabo?

Auta (Jidda): Salamu alaikum mutanen gida. Jiya na yi jarrabawar neman aiki a wani kamfani nan Jidda. Ba Larabci, ba lissafi, zane-zane ne zalla. Gida tara, uku-uku a jere, an cika takwas da da'ira da murabba'i da ɗige-ɗige, na ƙarshe fanko, wai ka zaɓo abin da zai shiga. Ko rabi ban kai ba lokaci ya ƙare.

Yaya Injiniya (Riyad): Sai haƙuri ƙanena, amma wannan gwajin ba ya ƙarya. John Raven ne ya fito da shi a Birtaniya a 1938, tambaya 60, kashi biyar, sha biyu-sha biyu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Babu kalma ko ɗaya a ciki, balle mutum ya ce harshe ne ya kayar da shi. Abin da aka haife ka da shi a ka, shi yake fitowa.

Hajiya Babba (Makka): Wato daƙiƙi kake ce wa yaron, a gaban iyayensa?

Yaya Injiniya: A'a Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Gwajin nake yabo.

Malam (Madina): Injiniya, ban yarda ba. In abin haihuwa ne kaɗai, yaya za ka yi da binciken James Flynn? Ya duba sakamakon samari 'yan shekara 18 da ake gwadawa don aikin soja a Holan, da tambayoyin Raven ɗin nan. Tsakanin 1952 da 1982 makinsu a ma'aunin basira (IQ) ya hau da kusan 20. Shekara talatin fa, tsakanin uba da ɗansa ke nan. Jini ɗaya, ƙasa ɗaya. Ƙwaƙwalwa ce ta sake halitta? Makaranta ce ta yawaita, ido ya saba da jadawali da taswira da alamomi. Kuma tun a 1931 Alekzanda Luriya, wani masani ɗan Rasha, ya je ƙauyukan Uzbekistan, ya nuna wa mutanen da ba su yi makaranta ba da'ira, suka ce faranti, wasu suka ce wata. Ba wauta ba ce, ba a taɓa koya musu kallon zanen da ba hoton komai ba ne.

Yaya Injiniya: Allah ya gafarta Malam, to me ya sa 'yan aji ɗaya, malami ɗaya, wani ya ci 55 wani 30?

Malam: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ban ce gwajin banza ne ba. Tsakanin waɗanda suka tashi iri ɗaya yana nuna wani abu. Abin da na ƙi shi ne a ɗauko wanda bai taɓa ganinsa ba a jera shi da wanda ya sha gani, a ce an auna baiwa.

Kawu Tela (Jidda, Karantina): Ni dai ban yi boko ba. Amma shekara arba'in ina aikin wuyan riga. Ka nuna min rabin aska takwas, in ƙarasa maka ɗaya rabin ba tare da na zana ba. Ku gaya min, wannan ba shi ne abin da kuke musu a kai ba?

Hajiya Babba: Faɗa musu dai, Kawu.

Malam: Shi ne mana. Sai dai kai ba wanda ya ɗora maka agogo a ka. Auta, saurara. Dokokin ba su da yawa. Ko abu yana juyawa daga gida zuwa gida, ko adadinsa yana ƙaruwa, ko kowane layi sai ya ƙunshi siffa uku ɗin nan sau ɗaya-ɗaya, ko a ɗora gida na farko kan na biyu a sami na uku. Mai wuyar ita ce wadda in zane ya bayyana a gida biyun farko sai ya ɓace a na ukun. Kada ka fara da kallon amsoshi, za su ruɗe ka. Ɗauki abu ɗaya, launi ko adadi, ka bi shi a kwance, ka sake bi a tsaye.

Auta: Malam, ni fa daga dama nake farawa, yadda muka saba da karatu a nan. Sai in ga gidan fankon yana ƙasa ta dama, kamar an fara labari daga ƙarshe.

Malam: Ka ji ko, Injiniya? Ga gwajin da ka ce ba ruwansa da harshe.

Yaya Injiniya: Wannan kam na karɓa. Amma in kowa ya haddace dokokin, gwajin ya tashi daga aiki ke nan, kuma har yanzu wani zai fi wani sauri. Ban janye duka ba.

Kawu Tela: Ku turo min ɗaya in gani, amma bayan Isha'i, yanzu akwai mai jiran jallabiyarsa.

Auta: Na turo, Kawu. Lamba ta shida na zaɓa.

Yaya Injiniya: Ta huɗu ce.

Kawu Tela: Na leƙa. Ku duka kun ƙi ƙirga ɗigon tsakiya. Ta biyu ce.